Kunyar da na sha a ajin ƙere-ƙere na su 'yata

Salamu alaikum mutanen Jos, ya sanyi? Ko da yake wanda ke zaune a Ingila ba shi da bakin yi wa wani jajen sanyi.

Wata kunya na sha ranar Alhamis a makarantar su 'yata, wlh har yanzu ba ta sake ni ba. An kira iyaye ne a gana da malamai, ita tana aji 8 a lissafinsu, kusan JSS 2 namu ke nan. Muka shiga ɗakin darasin zane da ƙere-ƙere, ni kuma bakina ya ƙi zama, na hau ba malamar labari wai ai ni ma na yi zanen fasaha a Jos, kiredit na ci a WAEC, layina ko rula sai ta gaishe shi. Ta ce madalla, zauna ka gwada mana, ta turo min mawus. Aikin fa kawai in huda rami a jikin wani ɗan akwati a Tinkercad, wata manhajar zana abubuwa a kwamfuta. Jama'a minti biyar akwatin nan yana ta juyi a sikirin kamar mai bori, ni ina gumi a cikin jaket. Sai yarinyar nan ta sunkuyo ta ce min da Hausa don kar malamar ta ji, "Baba kawo, kana ba ni kunya." Latsawa uku ta gama.

Daga nan ta ɗauko min abin da ta yi, gidan fitila na falanki mai kaurin milimita 3. A kwamfuta ta zana, ta tura wa injin leza, shi kuma ya bi layin ya yanke, gefen ya yi baƙi-baƙi yana ƙamshin ƙonannen itace, haƙoran haɗin suka shige juna tsaf ba ƙusa ko ɗaya. Can a kusurwa ga firintar 3D tana aiki, tana narka zaren roba da ake yi daga sitacin masara a zafin wajen digiri 200, tana ɗora shi zagaye kan zagaye kamar mai ginin tukunya. Na tsaya kallo har na manta akwai malamin lissafi da ke jiranmu.

Su fa 'yan Ingila tun 1999 aka fara ba makarantunsu manhajar zane ta Pro/DESKTOP kyauta, kuma da horar da malamai aka haɗa, ba a jibge kaya aka tafi ba. Mu kuma kun san labarin, 6-3-3-4 ya zo a 1982 da Intro Tech, aka yo odar injuna daga gabashin Turai, namu a cikin akwatunansu na same su a ciki na bar su, ba wuta ba wanda ya iya haɗawa, a kansu muke zama shan rake lokacin tara. Injin da ke ƙarƙashinmu shi muke zanawa a littafi muna haddace sunayen sassansa, a ba mu maki 10.

Amma kar ku ɗauka nan aljanna ce. Ƙafar kujera ta karye min kwanaki, kafinta ya ce sai bayan sati biyu, kuma kuɗin zuwansa kawai ya fi kuɗin kujerar, maƙwabcina ya ce in jefar in sayi wata. Ranar na tuna kasuwar Katako ta Jos kamar in yi kuka, mutum da fensir a kunne zai kalli kujera sau ɗaya ya ce je ka dawo bayan la'asar. 'Yar tawa mai kunyata ni kuwa ƙusa ba ta iya bugawa a miƙe ba. Darasin ƙere-ƙeren ma daga shekara 14 ba dole ba ne, kuma masu ɗaukarsa a GCSE, jarrabawarsu mai kama da WAEC, sun ragu sosai, malamar da kanta take kukan haka.

Abin da ke cin raina shi ne hannun yana wurinmu. Yaran Dilimi da Farin Gada da ke gyara abin da kamfani ya ce ba ya gyaruwa, a ce sun iya zana fatis a kwamfuta kafin su taɓa ƙarfe, wa zai kama su? Amma mu sai yaro ya faɗi jarrabawa ake cewa a kai shi gareji, kamar horo. Kwamfutocin makaranta kuma an lulluɓe da zani kamar amare, sai JAMB ta matso ko manyan baƙi za su zo a yaye. Kar wani ya ce min tsada, Tinkercad kyauta ne, FreeCAD ma kyauta ne kuma in ka sauke ba ruwansa da data, injin leza ya jira tukuna, a bar yara su taɓa mawus ɗin mana.

Ƙanina, in ka ga wannan ka duba min saman sif a ɗakin Hajiya, allon zanena da T-square suna nan in ba a hura wuta da su ba. Yarinyar ta ce sai ta gani da idonta za ta yarda da maganar kiredit ɗin. Mai tahowa ya riƙo min, a haɗo da yaji.