Horon rugbi na hutun nan: yaro ya samu gurbinsa, ni ina bin bashin robar haƙori

Tun da aka rufe horon nan iyaye ke ta tambayata a WhatsApp ko zan sake sa yarona a zagaye na gaba, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Horon rugbi nake nufi, wanda kocin nan da ya dawo daga Faransa ya shirya wa yara a babban hutu, a filin rairayin da ke bayan lakwal. Duk wanda ke wannan gefen na Yamai ya san wurin, ya kuma san abin da aka karɓa a hannunmu, ba sai na faɗa ba. Takardar da aka raba mana ta ce a cikin kuɗin akwai horo, da riga mai lamba, da robar kare haƙori, da ruwan sha.

Masu zaton irin wadda muke gani a tele ce, ta mutum 15, wadda ake ɗaga ƙato sama ya cafe ƙwallo a bakin layi, to ba ita ba ce. Wannan mutum 13 ne kowane gefe. Ranar buɗewa koci ya tara mu iyaye a gindin dogon yaro ya kwararo mana tarihi. A 1895 ne ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle daga rugbin asali a garin Huddersfield, don ƴan wasansu leburorin haƙar kwal da masaƙu ne, in sun bar aiki ranar wasa babu mai biyansu, manyan da ke riƙe da wasan kuma suka ce ko dala ba za a ba ɗan wasa ba. Wannan rugbin ta mutum 13 ta shiga Faransa a 1934, gwamnatin Vichy ta lokacin yaƙin duniya na biyu ta haramta ta a 1941, bayan yaƙi ta farfaɗo. Shi kocin a wajen Perpignan ya zauna, garin ƙungiyar Catalans Dragons, kuma in ka ba shi kunne sai ya kai ka magariba da labarin kofin da suka ɗauka a Wembley a 2018. Rana ta yi zafi, rabin bayanin ya wuce ni, amma na tashi da yaƙinin cewa mutumin ya san abin da yake koyarwa.

Yaron nawa shekararsa 14, kuma Allah ya yi shi da jiki. A ƙwallon ƙafar unguwa in an raba tim shi ne na ƙarshen ɗauka, in an ɗauke shi kuma raga ake tura shi, ko a bar shi da gadin takalma. Dalilin da ya sa na biya ke nan. Na ji an ce a wannan wasa nauyi ba aibi ba ne.

Rigunan da ya kamata a raba tun makon farko ba su iso ba sai ranar wasan rufewa, da safe, cikin buhu. Koci bai ƙaraso ba tukuna, mataimakinsa ya zazzage su a ƙasa, yara suka yi musu wawa. Kun san yaranmu: kowa 10 yake so saboda Messi, in ta kuɓuce 7 saboda Ronaldo, in ta kuɓuce 9. Wani siririn yaro, wanda in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta tafi da shi, ya fizge 10 ya sa yana tsalle. Nawa yana tsaye gefe, aka wurgo masa 1, ana dariya ana cewa ga ta mai tsaron gida. Na ga yadda fuskarsa ta canza, raina ya ɓaci, na yi shiru ina jiran koci ya zo ya gyara.

Da ya zo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tuntsire da dariya. Ya ce ba komai, kowa zai buga gurbin lambar da ya zaɓar wa kansa. Na matsa kusa na ce, "Koci, yaron nan tun farkon hutu a gaba kake sa shi." Ya ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri zuwa hutun rabin lokaci."

A nan ne na gane cewa lamba a wasan nan aiki ce. Mai 10 da mai 8 su ne ƙartin gaba, aikinsu su karɓi ƙwallo su afka cikin mutane kai tsaye don su ciwo ƙasa. Siririn nan kuwa ashe aikin da ya fizgo wa kansa ke nan. Ɗaukarsa ta farko mutum biyu suka tarbe shi, suka mayar da shi baya fiye da inda ya taso. A kokawa in an kai ka ƙasa magana ta ƙare, sai makaɗa da ƴan kallo, amma nan kaye ƙidaya ce kawai: alƙali ya ce ɗaya, wanda aka kayar ya miƙe, ya ajiye ƙwallo a ƙasa, ya tura ta baya da tafin ƙafa, na bayansa ya ɗauka a ci gaba. Kafin nan masu tsaro duk sun ja baya mita 10, in ban da mutum biyu da aka yarda su tsaya a gabansa. Kaye shida kowace ƙungiya ke da shi. In an cika shida ba ku ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa a daidai wurin da aka tsaya. Shi ya sa da alƙali ya ɗaga hannu alamar an yi na biyar, sai a buga ta da ƙafa can nesa, don su faro daga gidansu.

To wa ke tsaye can baya shi kaɗai yana jiran wannan bugun? Mai lamba 1. Gurbi ne na mai gudu, mai iya cafe ƙwallo daga sama ana rugowa kansa, shi ne kuma shingen ƙarshe in wani ya ɓalle. Aka bugo ta sama, yarona ya yi ta juyi yana nemanta da ido, ta dira a ƙirjinsa ta kuɓuce gaba. Laifi ne ƙwallo ta suɓuce daga hannunka ta yi gaba, kamar yadda laifi ne ka miƙa wa ɗan'uwanka ita gaba; baya ko gefe kaɗai ake jefawa. Aka ba wancan gefen turereniya, mutum shida-shida suka haɗa kai: 8 da 9 da 10 a sahun gaba, 11 da 12 a bayansu, 13 ya rufe, mai 7 ya zura ƙwallo a tsakani. Ba a daɗe ba suka dangwala ta bayan layinmu, maki 4, suka buga ta ƙetare sanda, ƙarin 2. Sandunan ma gora ce aka ɗaura a kan ragar ƙwallon ƙafa, wannan ban ga laifinsa ba, da abin da ake da shi ake aiki.

Manya minti 40 suke yi kowane rabi, na yara koci ya rage. Da aka hura hutu ya zaunar da su bai yi faɗa ba. Ya tambayi mai 10 ko yana son ya ci gaba da rigarsa, yaro ya tuɓe ta tun kafin a rufe baki. Ya karɓe rigunan duka ya sake rabawa da hannunsa. Siririn ya samu 2, ɗaya daga cikin masu gudun gefe, ɗayan kuwa 5. Masu 3 da 4 aka sa kusa da su daga ciki, yara masu ƙarfi da sauri a haɗe. Wani ɗan gajere mai surutu, wanda tun safe yake gaya wa kowa inda zai tsaya, aka ba shi 7, abokinsa 6, su ne masu tsara wasa da bugun ƙafa. An ba wani mai hanzarin hannu 9, don shi ne ke ɗaukar ƙwallo bayan kusan kowane kaye, ya fi kowa taɓa ta. Nawa aka miƙa masa 8.

Jama'a, ban taɓa ganin yaron nan haka ba. Mai 9 ya miƙo masa, ya sunkuyar da kafaɗa ya shiga, mutum biyu suka rataye a jikinsa yana tafiya da su, sai da na uku ya kama ƙafa sannan ya faɗi. Ya miƙe nan take ya tura ƙwallo baya tun masu tsaro ba su gama ja da baya ba. Aka sake ba shi a kaye na uku, ya sake yin haka. Yanzu kowa na wancan gefen ya taru tsakiya saboda shi, gefe ya zama wayam. Mai 9 ya jefa wa 7, 7 ya ba 6, 6 ya tsallake ya ba 3, shi kuma ya saki wa siririn nan mai 2, yaro ya sheƙa ya dangwala a kusurwa. Kowa ya ruga wajen wanda ya ci. Koci shi kaɗai ya nufi nawa ya dafa kansa, ya juyo ya ce mini, "Alhaji, wannan cin na mai 8 ne, wancan sa hannu kawai ya yi." Yaron da ake bari da gadin takalma ne yara ke kira da a ba shi, a ba shi. A wannan lokacin da an ce in ƙara ninkin abin da na biya, da na ƙara ban yi ciniki ba. Har a raina na gama rubuta wa mutumin yabo.

Saura kaɗan a tashi, ya shiga ɗauka ta ƙarshe, kan wani yaro ya haɗu da bakinsa. Ba mugunta ba ce, wasa ne. Leɓe ya fashe, haƙorin gaba ya ɓantare, jini har kan sabuwar rigar. Sai a lokacin na tuna da takardar nan da abin da aka rubuta a ciki. Ina robar kare haƙori? Duk tsawon hutun yara suna karo da juna baki a buɗe, kuma duk lokacin da wani uba ya tambaya sai a ce tana hanya. Na nemi akwatin magani, babu. Ko auduga babu. Da ledar ruwa da hankicin wani bawan Allah aka tare jinin, na ɗora shi bayan moto muka nufi asibiti aka ɗinke leɓen. Abin da uwarsa ta faɗa mini da muka shiga gida ba na rubutawa ba ne.

Da dare ina kwance sai abin farkon wasan ma ya dawo mini da wata fuska. Darasin lamba ya yi kyau, yara ba za su manta ba, amma da jikin ɗan wani aka koyar da shi. An bar yaro marar nauyi yana karo da ƙarti tsawon rabin wasa, babu roba a bakinsa, babu mai ba da agaji a bakin fili. Da wuyansa ne ya gurɗe fa? A allo ma ana iya koya wa yaro cewa 10 ta masu ƙarfi ce. Ubansa yana wurin yana dariya tare da mu, ban sani ba ko shi ma daga baya ya yi wannan tunani.

Gaskiya koci ya zo gida duba yaro washegari, ya zauna, ya ba da haƙuri, ya kuma nuna zai taimaka da kuɗin magani, na ce ya bar shi. Wannan na yaba. Amma da na tambaye shi robar sai ya ce, "Wallahi Alhaji, kayan ne suka maƙale a hanyar Lome." Kowa ya san wahalar shigo da kaya tun da hanyar Kwatano ta toshe, ban musa ba. Sai dai a ƙasar da Alfaga ya ciwo mana azurfa a tekwando a Rio a 2016, inda yara ke tekwando da dambe unguwa-unguwa, kada a ce mini sai an jira jirgin ruwa kafin a samu robar baki. Na aiki ƙanena wajen masu sayar da kayan wasanni, kafin la'asar ya dawo da ita. A ruwan zafi ake tsoma ta, yaro ya ciza ta kama siffar haƙoransa, shi ke nan. Wanda ya karɓi kuɗin iyaye da sunan abu, ko dai ya kawo abin, ko ya mayar da kuɗin ya ce kowa ya sayo da kansa. Har yau ba a yi ko ɗaya ba.

Ruwan sha ma da aka rubuta, wasu ranakun akwai, wasu ranakun yara su ne ke zuwa da nasu. Filin kuma ba a tsince duwatsu da fasassun kwalabe sai mu iyaye muka sa hannu.

Yaro dai ya riga ya kamu. Da ɗinki a leɓe yake karɓar wayata yana neman wasannin Ostareliya, yana nuna mini yadda masu 8 da 10 ke fita a huta a sake shigo da su, don a can akwai masu zaman benci kuma yawanci masu nauyin ake sauyawa. Ya ce in an buɗe zagaye na gaba zai koma, ni kuma ban ce masa a'a ba. Amma na gaya wa koci baki da baki: ba zan ba da ko dala ba sai na ga akwatin magani a bakin fili da idona, sai an cire kuɗin robar daga abin da zan biya, kuma riguna a raba su da hannunsa tun ranar farko. Masu tambayata ko su sa nasu, ku sa in yaronku mai jiki ne da aka gaji da turawa raga, koyarwar ba ta da matsala. Ku sayi robarku kafin ku je, kada kuma ku biya duka a dunƙule, ku ba da rabi, sauran sai kayan sun shiga hannu.