Gawayin gona a lambuna: abin da na gani bayan shekara ɗaya da rabi

Tun 2022 da takin zamani ya yi tashin gwauron zabo nake neman abin da zai rage mini dogaro da shi. Duk wanda yake Kumasi a lokacin ya san halin da aka shiga. Yaƙin Rasha da Yukiren ya taɓa kasuwar taki, kuɗinmu na Gana, sidi, ya faɗi, a watan Disamba na shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100. Mu masu lambu a Gyinyase muka raja'a a kan kashin kaji, shi ma da aka yi masa rubdugu sai ya yi wuya. A Aboabo nake zaune, kullum bayan asuba nake kama tirotiro, wato motar haya, zuwa lambu. Latas da kabeji da albasa mai lawashi nake nomawa, kuma da wannan sana'a nake riƙe gida.

Wani matashi ne ya zo mana da buhuna a bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, yana tallar abin da suke kira bayoca, ni kuwa gawayin gona nake ce masa. Na ɓuntun shinkafa ne. Ya ce mini, "Maigida, in ka zuba wannan, kai da taki kun yi hannun riga." Na sayi buhu shida, kowane buhu a kan kuɗin da zai saya mini buhun kashin kaji uku a lokacin.

Kayan dai ba su da algus, wannan zan faɗa tun farko. Baƙi ne wuluk, ba nauyi, kana iya ganin siffar ɓuntun yadda take. Ba ya warin hayaƙi, kuma in ka damƙa ka wanke hannu da ruwa zalla baƙin yana fita, ba ya barin maiƙo. Daga baya na gane wannan ce alamar ya ƙonu sosai, domin gawayin girki sau da yawa akan bar masa sauran maiƙon itace don ya yi saurin kama wuta. Abin da ya dame ni shi ne ƙura. Lokacin hunturu ne, na buɗe buhu iska na kaɗawa, sai da na kwana biyu ina tari. Wanda zai yi aiki da shi ya yayyafa masa ruwa tukuna, ya rufe hanci. A jikin buhun kuwa babu bayanin komai, ko yawan da za a zuba, ko yadda za a zuba.

Rashin bayanin nan shi ya ja mini asara. Na barbaɗa shi haka nan a kunya huɗu, na cakuɗa da ƙasa, na dasa latas ban sa taki ba, kamar yadda aka faɗa mini. Cikin mako biyu ganye ya yi ɗorawa, ya tsaya cak. Maƙwabcina a lambu, dattijo ne da ya yi sa'ar mahaifina, ya zo ya tsuguna ya damƙi ƙasar ya murza. Ya ce, "Ɗana, ƙasar nan ta yi laushi, amma shukar yunwa take ji." Na ce, "Baba, ai cewa aka yi ya wadatar." Ya ce, "Gawayi ka ba ta, ba abinci ba." Matan kasuwa da ke sayen latas kunya-kunya ko tayi ba su yi wa huɗun nan ba.

Malamin gona da ke zagayo mu ne ya warware mini. Shi gawayin nan cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kamar soso. In ya shiga ƙasa da ramukan a wofi, sai ya fara tsotse ɗan abincin da ke wurin kafin saiwa ta samu. Don haka a ƙosar da shi tukuna. Na haɗa sauran da kashin kaji, awo ɗaya na gawayi awo uku na kashi, na jiƙa, na rufe da tamfol, ina juyawa duk kwana huɗu ko biyar har mako uku. Tun a nan na lura da abu guda: warin kashin da ke hawa kai ya ragu ƙwarai. Malamin ya ce wannan warin ai takin ne ke gudu cikin iska, gawayin ya kama wani sashe nasa.

A karo na biyu na yi abin da zan iya shaida da idona. Kunya goma na zuba haɗin, goma na kusa da su kashin kaji kawai, iri ɗaya, rana ɗaya, ban-ruwa ɗaya.

A wajen ruwa na fi ganin amfaninsa, kuma wanda bai taɓa ɗaukar garwa biyu daga rafi zuwa kunya ba, safe da yamma, watanni uku na rani, ba zai san girman wannan magana ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan shanye ƙasa kafin azahar, saman kunya ya yi ɓawo. Masu gawayin kuwa, in na tura yatsa da la'asar sai in ji sanyi da danshi. Kunyar da take shan garwa goma sha biyu a yini ta koma tara, latas bai yi yaushi ba. Ka ninka wannan sau goma, ka ninka da kwanakin rani, ka ji abin da ya sauka daga kafaɗa da ƙugu. Da damina ta kankama a watan Yuni sai na ga ɗaya fuskar: masu gawayin ba sa daskarewa bayan ruwan sama mai ƙarfi, fartanya na shiga salin-alin, tana ma ta fi yawa a cikinsu.

Latas ya fi cika da nauyi a gomar farko, har matar da ta saba saye a wurina ta ƙara kuɗi a kansu ba tare da mun ja ba. Kabeji ma ya ƙulla da kyau. Dalilin da aka ba ni ya shige ni: jar ƙasarmu ta yankin Ashanti tana da tsami, saboda yawan ruwan sama na wanke gishirinta, gawayi kuma yana karya tsami kamar yadda toka ke yi, sai dai shi ba ya wankewa da wuri. Cibiyar binciken ƙasar noma da ke Kwadaso tana nan cikin garinmu, wanda ke son ya san tsamin ƙasarsa kafin ya kashe kuɗi yana da inda zai dosa. A albasa ban ga wani bambanci ba. A kunyoyi biyu na bakin rafi, inda ƙasar dama baƙa ce mai laka, nan ma babu. Tsutsar kabeji kuwa ta zo kamar kowace shekara. Huɗun nan na farko, da na ba su kashi a zagaye na gaba, sun farfaɗo, yanzu suna cikin masu kyau, kuma ban sake zuba musu gawayi ba.

Da na zauna na yi tunani, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowa ya san yadda kabewa ke haukacewa a tsohuwar bola, inda aka shekara ana zubar da toka da guntun gawayi da shara. Manoma kan yi rububin kufai saboda baƙar ƙasarsa. A dajin Amazon na Barazil akwai irin wannan baƙar ƙasa da mutanen dauri suka gina da hannunsu, ta yi ɗaruruwan shekaru tana ba da amfani a tsakiyar ƙasa marar ƙarfi, kuma gawayi ne ƙashin bayanta. Masu bincike sun sami makamanciyarta a gefen tsofaffin ƙauyuka a Laberiya da nan Gana.

Tsada ce ta sa na fara yin nawa. Wani mai walda a Magazin na Suame, unguwar makanikai, ya yanka mini duro, na tara totuwar masara da busassun rassan da aka sassabe. Dabarar ta murhun da ake kira Kon-Tiki ce, wanda aka fito da shi a Suwizalan a 2014: a kunna wuta a ƙasa, da zarar saman ya fara farin toka a ƙara wani shimfiɗi, harshen wutar da ke sama ya cinye iskar, na ƙasa ya gasu ba tare da ya zama toka ba. In ya cika a kashe da ruwa. Zafin da ake bukata yana tsakanin digiri 350 da 700. In kayan sun bushe hayaƙi kaɗan ne, in da danshi kuwa maƙwabta za su ji a jikinsu. Abin da kake samu bai kai rabin abin da ka zuba ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne a nauyi. Na gwada garin katako na Sokoban da ɓuntu, duka biyun sun toshe wutar, suna bukatar wani irin murhu dabam. A nan mai sayarwa ya fi ni.

Akwai abin da nake jin tsoro. Muna ganin manyan motocin gawayi na gangarowa daga wajen Kintampo, kowane buhu bishiya ce ta faɗi. In aka ce gawayi na gyara gona, mutane suka shiga sare itace dominsa, an yi gyaran gangar auzinawa. Ga ɓawon koko ana bari yana ruɓewa a gonaki, ga totuwa, ga ɓawon kwakwa, ga ɓuntu ana cinna masa wuta a bayan injin casa. Waɗannan sun isa.

Batun ɗumamar yanayi ma daga nan ya taso. Shuka tana zuƙar iskar kabon tana girma, in ta ruɓe ko aka ƙone ta a fili sai iskar ta koma sama. In aka mayar da ita gawayi aka binne, wani kaso na kabon ɗin zai zauna a ƙasa shekaru ɗaruruwa, kuma kowane kilo ɗaya na kabon daidai yake da kilo 3.67 na iskar. Shi ya sa kamfanonin waje ke biyan kuɗi a kan gawayin da aka binne. Gana ma ta sa hannu da Suwizalan a 2020 kan cinikin kabon a ƙarƙashin yarjejeniyar Faris ta sauyin yanayi. Ni da na ga yadda damina ta daina zuwa a kan lokacinta, ba na ɗaukar maganar da wasa. Amma in da kuɗin da ake biya, a ƙasar lambuna gawayin yake kwance, ya kamata a gani a farashin buhu.

Matashin ya dawo watan jiya. Na nuna masa kunyoyin, na faɗa masa asarar da kalmarsa ta ja mini, na roƙe shi ya daina cewa abin yana maye gurbin taki, ya kuma sa a rubuta yadda ake jiƙa shi a jikin buhu. Ya saurara, ya ba da haƙuri. Buhu biyu na saya, don wurin renon iri, inda laushin na ɓuntu ya fi na totuwa dacewa. Suna nan ƙarƙashin tamfol da kashin kaji, saura kwana tara in buɗe.