Wani Gidan Kallo a Agege da Tseren Ninƙaya na Mita 100

Galibin gidajen kallon Legas domin ƙwallon ƙafa aka buɗe su, ita kuwa ƙwallon ƙafa tana rufa wa mai gida asiri, saboda idan wuta ta ɗauke aka shafe minti 2 ana fama da igiyar janareta, da sauran minti 88 a gaba, kuma ko an ci ƙwallo a cikin duhun za a sake nuna ta sau biyar. Tseren ninƙaya na mita 100 na maza bai cika minti guda ba, don haka wanda ya sunkuya ɗaukar hularsa yana iya ɗagowa ya tarar an gama. Da wannan ma'auni na auna wani gidan kallo da ke kusa da layin dogo a Agege, inda na kalli zagayen ƙarshe na wannan tsere a gasar Olamfik ta Paris, daren Laraba 31 ga Yuli, 2024.

Wurin zaure ne mai tsawo da rufin kwano da silin, da bencina na katako masu majingina, da fankoki huɗu a bango. A gaba akwai manyan talabijin uku, kowace da dikodarta, kuma na biya naira 500 a bakin ƙofa. Da la'asar ɗin ranar gidan ya cika saboda wasan 'yan matan Najeriya da Japan, wanda aka doke mu da ci 3 da 1, to amma da na iso bayan magariba mutane sun watse, ga kuma fargabar zanga-zangar da aka shirya farawa washegari, 1 ga Agusta, wadda ta sa da yawa suka shige gida da wuri. Na sami mai gidan a kan kujerarsa, muka gaisa, na ce, “Alhaji, alfarma nake nema, a ba mu talabijin ɗaya mu kalli ninƙaya.” Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Malam, iyo kuma? To, tunda babu Firimiya, ɗauki ta tsakiya.” Wannan sauƙin kai shi ne abu na farko da zan yaba, domin na san gidajen da ko a lokacin hutun ƙwallo sun gwammace su maimaita tsohon wasa.

Babban abin yabon kuwa shi ne wutar lantarki. Alhaji ya haɗa talabijin da dikodoji a kan inbata da batura, fankoki da fitilu ne kawai ke jiran janareta. Ana tsakiyar tseren mita 1500 na mata, wanda Katie Ledecky ta Amurka ta lashe, wuta ta ɗauke, zauren ya yi duhu, fankoki suka tsaya, amma hoton ko ƙiftawa bai yi ba. Duk wanda ya san yadda dikoda ke ɗaukar lokaci kafin ta farfaɗo bayan ta mutu ya san cewa a wani gidan wannan kaɗai ya isa ya cinye tseren mita 100 tun daga tsalle har taɓa bango. Da lokacin isha'i ya yi, akwai tabarmi da butoci a gefen ƙofa, kuma yaron da ke karɓar kuɗi bai nemi mu sake biya ba da muka dawo.

Tseren da na zo dominsa ya zo bayan ƙarfe tara na dare agogon Najeriya, kasancewar Paris tana gabanmu da awa guda a wannan lokaci na shekara. Salon shi ne wanda ake kira firistayil, wato doka ta bar wa ɗan wasa zaɓin yadda zai yi ninƙayarsa, ko da yake kowa rub-da-ciki yake yi yana sarar ruwa da hannu bi da bi, tunda babu salon da ya kai shi sauri. Tsawon kwamin mita 50 ne, saboda haka zuwa ɗaya ne da dawowa ɗaya, kuma dole kan ɗan wasa ya ɓullo saman ruwa kafin ya wuce mita 15 bayan tsalle da bayan juyi. Kafin wannan tsere ba a karya tarihin duniya ko ɗaya ba a wannan kwami na La Défense, har ana ta cewa rashin zurfinsa, mita 2.15, shi ke dawo da igiyar ruwa kan 'yan wasa yana rage musu gudu. Sai ga Pan Zhanle na Sin, yaro ɗan shekara 19 da ya sha da ƙyar a zagayen farko, ya juya a bangon can cikin daƙiƙa 22.28, ya dawo ya taɓa bango a 46.40, ya rushe tarihin 46.80 da shi kansa ya kafa a Doha a watan Fabrairun shekarar.

A nan ne ingancin talabijin ɗin ya bayyana. Ratar da ke tsakanin Pan da na biyu daƙiƙa 1.08 ce, kusan tsawon mutum guda, kuma ko mai hakiya zai gan ta. Abin da ke bayansa ne ke buƙatar hoto mai kyau: Kyle Chalmers na Ostireliya, wanda ya ci zinaren wannan tsere a Rio a 2016, ya zo na biyu da 47.48, David Popovici na Romaniya na uku da 47.49, shi kuwa Nándor Németh na Hangari ya tashi a tutar babu da 47.50. Ido ba ya raba mutum uku da ke cikin kashi 2 bisa 100 na daƙiƙa, allon da suke taɓawa a jikin bango ne ke raba gardama, kuma lambobin da ke fitowa a kan hoto ƙanana ne. Daga benci na uku na karanta su sarai ba tare da na tashi ba, ruwan ma bai zama wani shuɗin hazo ba kamar yadda yake zama a tsofaffin majigin da wasu gidaje ke haskawa a bango. Waɗanda suke can baya dai sai da suka yi ta tambayar wa ya zo na biyu, don haka wanda zai kalli ninƙaya a gidan nan ya nemi bencinan gaba.

Mu goma sha wani abu ne a gaban talabijin ɗin, ciki har da wani dattijo mai sayar da goro, mutumin Argungu, wanda tun farko yake cewa 'yan kabancin garinsu sun fi waɗannan sanin ruwa. Da aka sake nuna tseren a hankali daga ƙarƙashin ruwa, ya yi shiru yana kallon yadda ƙafafun Pan ke kaɗawa, sannan ya ce, “Wannan yaro kifi ne ya haife shi.” Na gaya masa cewa sai a 1922 ɗan Adam ya fara yin wannan nisa ƙasa da minti guda, kuma sai a 1976 aka sauko ƙasa da daƙiƙa 50, ya girgiza kai ya ce a gulbi ba a riƙe agogo.

Aibin gidan na farko shi ne sauti. Lasifika ɗaya ce ga talabijin uku, kuma an bar ta a kan wadda ke nuna wani wasan daban, sai da na roƙa sau biyu kafin a mayar da ita wajenmu, bayan tserukan farko sun wuce. A ninƙaya sauti ba ado ba ne, domin shirun da ake yi kafin tashi da ƙarar na'urar da ke sallamar 'yan wasa su ne ke sanar da mai kallo lokacin da zai daina magana. Aibi na biyu ya fi ɓata mini rai: ana gama maimaita tseren, yaron da ke riƙe da rimot ya sauya tasha ba tare da ya tambayi kowa ba, a zatonsa an tashi. Da na yi magana ya ce, “Yi haƙuri Baba, ai na ga sun fito daga ruwan.” Kafin ya lalubo tashar, abin da muke son gani ya wuce. Ban ga laifinsa sosai ba, tunda babu wanda ya taɓa koya masa jadawalin wani wasa in ba ƙwallo ba. Makewayin gidan kuma yana buƙatar fitila da ƙofa mai sakata.

Na koma ranar Lahadi 4 ga Agusta domin tseren mita 1500 na maza, wanda Bobby Finke na Amurka ya lashe da sabon tarihin duniya na minti 14 da daƙiƙa 30.67, ya kawar da na Sun Yang da ke tsaye tun gasar Landan ta 2012. Wannan tsere tsallake kwami ne sau 30, kuma an yi shi da sauran hasken rana a Legas, a nan na gano cewa ƙofar zauren tana jefa haske kai tsaye a kan talabijin ta tsakiya, har sai da aka rataya wani tsohon labule. Zafin kwanon ma ya fi ƙarfin fankoki huɗu da yamma, kuma bencin da bai dame ni ba a tseren daƙiƙa 46 ya fara sanar da ni cewa katako ne. A wannan karon dai lasifika tana wajenmu tun kafin na tambaya, yaron kuma ya kawo rimot ɗin ya ajiye a gefena.

Da zan fita na tambayi Alhaji ko za mu sami irin wannan alfarma idan gasar ninƙaya ta duniya ta faɗo a ranar da manyan ƙungiyoyin Ingila ke wasa. Ya ce, “Malam, gaskiya ɗaya ce, ranar Asabar ko Lahadi idan Firimiya ta dawo, talabijin ukun nan ba nawa ba ne, na masu ƙwallo ne. Amma ka zo ranar Litinin ko Alhamis, ka gaya mini tun da safe, zan ajiye maka ta gefen hagu, ita haske ba ya dukanta.”