Gidan shinkafar da muke kai 'yata a Jidda: salig ya yi, mandi sai da tsinta

Duk uwar da ke da yaron da ya fara tafiya amma bai gama fitar da haƙora ba ta san fita cin abinci a Jidda aiki ne, wurin yinsa kawai aka sauya. 'Yata tana da shekara ɗaya da 'yan watanni. Har yanzu tana shan mama, amma idonta na kan abincin manya, kuma da hannunta take son ci. Shi ya sa idan babanta ya ce yau a huta da girki, abu biyu nake fara tunani: ina za ta zauna, kuma me zan iya sa mata a baki hankalina kwance.

Wurin da ya fi amsa mini waɗannan tambayoyi wani gidan shinkafa ne a kudancin gari, irin tsofaffin nan masu ɗakunan zama a ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba don akwai abin da zan kushe, masu wurin kuma suna girmama mu. Irinsa ba su da wuyar samu a Jidda ko Makka, kuma abin da zan faɗa ya shafi mafi yawansu.

Zaman ne ya fara saye ni. Tun watan Disamba na 2019 hukuma ta daina tilasta wa gidajen abinci yin ƙofa biyu, ta iyali da ta maza zalla, amma wannan gidan bai rushe ɓangaren iyalinsa ba. Kowane iyali da ɗan ɗakinsa, da kafet, da matasan kai a jingine da bango, da ƙofa mai zugewa. Kina shiga ki cire takalmi, ki ɗage niƙabi, ki sauke yarinya. Ba inda za ta faɗo, tunda a ƙasa take. Idan ta fara rigima sai in juya baya in ba ta mama, ba mai kallona. A manyan gidajen abinci na cikin mol akwai kujerar yara mai tsawo, amma 'yata ba ta yarda da ita; da an ɗaure ta sai ihu, idan ba a ɗaure ba ta miƙe tsaye a kai, ni kuma abincina ya huce ina riƙe da ƙafarta. A nan kuwa ma'aikaci na shimfiɗa sufra, wato ledar nan da ake zuba tire a kai, sai ta zo da kanta ta zauna a gefe tana bugun ledar da tafin hannu. Duk shinkafar da ta watsar a kan leda take sauka, a naɗe a jefar. Ba ruwana da jin kunyar ɓata wa mutane tebur.

Abin da ke kai mu dai salig ne. Wanda bai daɗe a ƙasar nan ba zai iya shekara yana cin kabsa da bukhari bai san da shi ba, alhali abincin mutanen Hijaz ne, musamman Ɗa'if, har hukumar da ke kula da girke-girken gargajiya ta zaɓe shi a 2024 a matsayin abincin da ke wakiltar yankin Makka. Ana dafa kaza ko nama da hel, wato wasu 'ya'yan ƙamshi, da ɗan ƙaron mistika, a tace romon, a dafa gajeriyar shinkafa a ciki har ta farfashe, sannan a zuba madara a yi ta juyawa sai ta yi kauri, a malala man shanu a sama. Ita kazar a gasa ta daban a ɗora. Kamanninsa kamar tuwon shinkafa ne da aka sauke kafin ya kama jikinsa. Ba barkono, ba tumatir, ba wani ƙwayar kayan ƙamshi da zai tsaya wa yaro a wuya, domin an riga an tace romon. Yajin yana zuwa ne a ɗan kofi daban, wanda suke kira daggus, markaɗaɗɗen tumatir da tafarnuwa da barkono, kowa ya zuba daidai bakinsa.

Na wannan gidan yana da kyau ƙwarai. Shinkafar ta narke amma ba ta zama ruwa ba, ana jin madarar, kuma ba sa cika gishiri. Yadda nake yi: in ɗebi cokali uku ko huɗu daga gefen tire inda man bai taru ba, in baza a ƙaramin farantin da nake tahowa da shi daga gida, in bari ya sha iska. Salig yana riƙe zafi fiye da yadda ido ke gani. Sama ta huce, ciki na nan da tururi, don haka sai na taɓa da bayan yatsa kafin in miƙa mata. Sai in yagi tsokar cinyar kaza, wadda ta fi ƙirji laushi, in cire fata, in marmasa ta tsakanin yatsu. Yarinyar da a gida sai na bi ta da cokali daga falo zuwa kicin, a nan da kanta take dumbuza tana kaiwa baki, rabi a ciki rabi a kumatu, har tana gyaɗa kai.

Wanda madara ba ta karɓi ɗansa ba sai ya kiyaye, salig madara ce da man shanu, ba a raba su.

Mandi kuwa, wanda babanta ba ya zuwa bai ci ba, labarinsa daban. Ga manya ba abin kushewa: naman ya dahu har yana barin ƙashi da kansa, ga ƙamshin hayaƙin nan na ramin gashi da mutanen Hadramaut suka zo da shi. Amma ga yarinya sai na tsince shi. Doguwar shinkafarsa tana zuwa da hel guda-guda, da kanumfari, da ɓawon kirfa, wani lokaci da busasshen lemon tsami baƙi, a sama kuma an barbaɗa zabibi da soyayyar albasa. Kanumfari ɗaya a bakin yaro ya isa ya sa ya tsani abincin gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne ƙashi. Da adda suke saran kazar bayan ta gasu, sai siraran ɓaraguzan ƙashi su zube cikin shinkafa, launinsu ɗaya da ita. Akwai ranar da na murje loma ɗaya a gefen tire na ji abu ya soke ni a babban yatsa. Da na ɗaga, ɗan ƙashi ne mai tsini da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Tun daga nan nake cewa mai karɓar oda, "Ya mu'allim, kar a sara kazar, a kawo ta daban." Yakan yi, in dai ba ranar cunkoso ba ce.

Sai gishiri. Allon da ke bango yana ɗauke da adadin kalori na kowane abinci, kamar yadda hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta wajabta tun farkon 2019, amma ni ba kalori ke gabana ba. Shawarar hukumar lafiya ta Ingila ita ce yaro daga shekara 1 zuwa 3 kada gishirinsa ya wuce giram 2 a yini, babba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5. Shinkafar mandin gidan nan ko ni sai na yi ta shan ruwa bayan na ci. Ba za ki ce a rage ba, a tukunya ɗaya aka dafa wa kowa tun safe. Don haka ɗan taɓawa kawai nake ba ta don kada ta ga muna ci ta yi kuka, cikinta kuma da salig nake cika shi. Miyar adas ɗinsu, wato ta wani ɗan ƙaramin wake, ma tana taimakawa idan aka jiƙa gurasa a ciki, sai dai wata rana takan zo da gishirin da ya fi na mandin.

Abin sha ba ma wahalar da kanmu: ruwan gora da laban, wato nono mai tsami. Lemon kwalba an sa masa harajin kashi 50 cikin 100 a 2017, amma hakan bai hana ka ga an tsiyaya wa ɗan shekara biyu a kofi ba, abin da ke ba ni mamaki kullum. Ko ruwan 'ya'yan itace da ake matsewa a shagon da ke maƙwabtaka da su, idan ba ki ce "bidun sukkar" ba sai an zabga masa sukari. Laban ɗin nasu daga firiji yake fitowa da sanyi ƙarara, nakan ajiye shi kusa da tire ya ɗan saki.

Idan muka je da Hajiya, kakar yarinyar, nan ake muhawara. Ita a wurinta duk wannan tsinta da nake yi iyayi ne. "Ke 'yar nan, ki bar ta ta ci, ubanta da me ya girma?" Sai in ce, "Haka ne Hajiya," in ci gaba da murje shinkafata. Inda na taɓa tsayawa da gaske shi ne kan ma'asub, wannan haɗin ayaba da gurasa da kirim da ake kwarara wa zuma, lokacin yarinyar ba ta cika shekara ba. Likitoci sun hana ba wa jaririn da bai kai wata 12 ba zuma ko da ɗigo ne, saboda wata ƙwayar cuta da kan kasance a cikinta wadda hanjin jariri bai iya kashewa, tana iya shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Yanzu da ta wuce shekara ana ba ta, Hajiya kuma ta ɗauka ita ta ci nasara. Ita dai Hajiya salig bai dame ta ba, abincin marasa lafiya take ce masa. Idan ranta ya biya sai an nemo mata tuwo da miyar kuka ko masa wajen matanmu masu dafawa a gida, ko tsiren nan da Larabawan Hijaz ma suka iya ci.

Baƙin da suka zo Umara daga gida kuma Al Baik suke fara tambaya, gidan kazar da aka buɗe a nan Jidda a 1974. Mu ma muna ci. Sai dai soyayyar kaza da dankali ba abincin mai haƙora takwas ba ne. Nakan ɓare ɓawon in ba ta farar tsokar ciki, shi ke nan.

Abubuwan da gidan shinkafar nan ya gaza ba ƙanana ba ne ga mai yaro. Kafet ɗin ba a share shi sosai tsakanin iyali da iyali. Ledar sufra tana tare na tsakiya, amma a lungu ƙarƙashin matashi za ki tarar da busasshiyar shinkafa, tsinken sakace, wani lokaci murfin gora, kuma yaro nan yake fara nufa. Kafin in sauke ta sai na ɗaga matasan na duba, sannan in shimfiɗa zanin da na zo da shi. Na'urar sanyaya ɗaki tana busowa kai tsaye kan inda ake zama. Mun fito daga zafin Jidda mai ɗanko jiki sharkaf da gumi, sai a faɗa cikin sanyin da ke sa yaro atishawa. Makunninta na hannun ma'aikata, sai an yi ta kira. Banɗakin mata ƙarami ne, ƙasansa kullum a jiƙe, ba wani wurin kwantar da yaro a sauya masa famfas, dole a koma ɗaki a yi kusa da abinci ko a tafi mota. Cokulansu na roba ne sirara masu kaifin baki, ba na sa mata su. Da nawa nake zuwa.

Lokaci ma abin lura ne. Mutanen nan bayan Isha suke cin abincin dare, lokacin da yarinya ta riga ta fara murza ido. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kuwa kada ki soma: layin masu "safari", wato masu saye su tafi gida da shi, yakan kai bakin titi, masu zama a ci a wurin sai su zama abin mantawa, salig kuma kan ƙare da wuri saboda tukunyarsa ba ta kai ta mandi girma ba. Mu tsakiyar mako muke zuwa, da an idar da Magariba. Ɗakuna a buɗe, ma'aikata ba su gaji ba, abinci na zuwa da zafinsa. Har yanzu suna sauke ƙofa lokacin salla, don haka wanda ya iso ana kiran Isha zai jira a waje da yaro a kafaɗa.

Kuɗin bai da nauyi. Farashin da ke allo ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun watan Yuli na 2020, ba a ƙara komai a kai wajen biya. Rabin kaza da salig yana isar ni da yarinya har ya ragu, su juye mana ragowar a roba ba tare da an roƙa ba. Salig idan ya kwana a firiji yakan daskare, amma da an ɗan zuba madara an ɗora a wuta sai ya dawo, ya zama karin kumallonta. Ban barinsa ya wuce washegari, shinkafa ce da madara.

Na tambaye su ko suna yin jarish, dafaffen ɓarzajjen alkama da laban da aka ayyana a matsayin abincin ƙasa a 2023, don shi ma laushinsa zai dace da ita. Mai karɓar odar ya ce sai an yi odarsa tun da safe, kuma ba sa yin na mutum ɗaya. Babanta ya ce idan ƙannensa suka zo daga Makka a ƙarshen wata za a sa a yi mana babban tire.