Aikin idon Baba a asibitin ECWA na Kano

Baba tela ne, ya fi shekara 40 a kan keke a kasuwar Ɗanbatta, sai yanar ido ta rufe masa gani har zura zare a allura ya gagare shi. Idon hagu mun riga mun yi asararsa a hannun wani mai yawo ƙauye-ƙauye da ya ce zai kwantar da yanar da tsinke. Da maganar na dama ta taso, Kawu ya ce ba inda za a kai shi sai asibitin Mishan, wato asibitin ido na cocin ECWA da ke Kano, wanda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka buɗe tun 1943.

Baba ya yi ta jan ƙafa. "Da tsufana za ku kai ni wurin Kiristoci?" Da ƙyar muka shawo kansa.

Duk mai zuwa ya yi sammako, don jama'a ba a magana, har da mutanen Nijar. Kuma ya taho da kuɗinsa, ba kyauta ake yi ba. Kowane kwabo dai an ba mu rasit. Ma'aikatan sun yi addu'arsu ta safe kafin su fara aiki, Baba yana gefe yana jan carbinsa, ba wanda ya ce masa kanzil.

Abin da ya tsaya mini a rai wata nas ce, dattijuwa, Hausarta irin ta mutanen Filato. Baba ya tsorata da allurar kashe zafi, ya riƙe mata hannu gam yana salati. Ba ta fizge ba. Ta tsaya har ya saki don kansa. Washegari da ta zo cire bandeji, na ce, "Mama, wannan haƙuri naki daga ina?" Ta yi dariya ta ce a Linjilar Matiyu, sura 25, Yesu Almasihu ya ce wanda ya duba marar lafiya, shi Yesun ya duba. "To ka ga, in na daka wa babanka tsawa, wa na daka wa?" Baba, da bai cika yabo ba, ya ce, "'Yata, mu ma akwai hadisi mai kama da wannan."

Aikin kansa bai daɗe ba. Sun cire ƙwayar da ta yi hazo suka sa ta roba, suka ba mu maganin ɗigawa, suka ja mana kunne a kan ƙura da murza ido, suka rubuta ranar dawowa.

Mako shida bayan nan na iske shi a shago, ya saka tabarau, yana faɗa da yaronsa wai ɗinkin wuyan wata riga ya karkace. Na duba da idona biyu ban ga karkacewar ba, sai da ya nuna mini da farce.