Wane bawul ya dace da ruwan zafi mai komawa tururi?

Ruwan da ke fita daga boila a matsin bar 10 yana da zafin kusan digiri 180. Da zarar ya ratsa bawul ya faɗa layin da babu matsi, kusan kashi 15 cikin 100 nasa zai koma tururi nan take, tururin kuwa ya ninka ruwa cin wuri fiye da sau 1,600. Shi ne injiniyoyi ke kira filashin. Muddin matsin da ke bayan bawul bai kai wanda zai hana ruwan tafasa ba, babu bawul ɗin da zai tsayar da shi. Mai jurewa kawai za ka nema.

Ni dai bawul mai gwiwa nake saya. Ruwa ya shigo ta gefe ya sauka ƙasa a miƙe, don haka ɗigon ruwan da tururi ke korowa da gudu ba ya dukan bangon bawul, ya wuce cikin bututu. Ka nemi wanda aka sa wa hannun riga na ƙarfe mai tauri a mafita, wanda in ya cinye za a zare a sa sabo. Filogi, wato abin da ke toshe hanyar ruwa a cikin bawul, da mazauninsa su kasance an shafe su da Stellite 6, wani gaurayen ƙarfe mai tauri, gangar jikin kuma ƙarfen WC9 mai jure zafi da cinyewa, ba WCB na yau da kullum ba. Ka kafa shi dab da tankin da yake zuba wa, ka faɗaɗa bututun bayansa.

Bawul irin gulob na yau da kullum yana karkata ruwa sau biyu, ruwan ya rarake cikinsa. Batafulai kuwa, mai faifai da ke juyawa a tsakiyar bututu, kada ma ka tambayi farashinsa. Mai keji da ƙananan huji an yi shi ne don kabiteshan, inda kumfar tururi ke fashewa ta koma ruwa, a filashin kuwa hujin za su cinye. In ruwan na da datti, bawul ɗin kamfanin Fisher samfurin V500 ba laifi.

Wajen awon girman bawul, tsarin ƙasa da ƙasa na IEC 60534 ya nuna akwai iyakar da in an kai, rage matsin baya ba ya ƙara yawan ruwan da ke wucewa. Wanda ya yi lissafi da dukan bambancin matsin gaba da baya zai sayo bawul ƙarami. Babba fiye da kima kuma filoginsa zai zauna dab da mazauni, ya lalace da wuri.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne jabu. An taɓa kawo mana bawul da sabon fenti da farantin suna mai sheƙi, ashe tsoho ne aka wanke. Da muka buɗe shi, mazaunin ya sule sumul kamar an goge, babu ko alamar Stellite. Ka karɓi takardar shaidar ƙarfe ta EN 10204 3.1, ka duba lambar da ke kanta ta yi daidai da wadda ke jikin bawul. Ka aika wa kamfanin lambar siriyal su tabbatar. A ɗora na'urar gwajin ƙarfe a kan filogin a gabanka, a auna taurinsa, Stellite 6 na kusan 40 a ma'aunin tauri na HRC. Dillalin da ya hana a kwance bawul kafin biya, kada ka ba shi ko kafin alƙalami.