Kwalbar bitamin ko kayan lambu: me za ka saya don gudun ciwon daji?

Ka ɗauki kwalba a kantin magani, ka juya bayanta, za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa tana kare ƙwayoyin jiki. Maganar ba ta rasa tushe ba. Sinadaran hayaƙin taba da makamantansu suna yi wa DNA, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, lahani, kuma a ɗakin gwaji bitamin C da E kan rage irin wannan ɓarna. Shi kuwa folet, wani nau'in bitamin B, idan ya yi ƙaranci, jiki kan saka tubalin da bai dace ba wajen gina DNA, har zaren ya riƙa tsinkewa.

Sai dai da aka gwada a jikin mutane, ƙwayoyin bitamin guda masu ƙarfi sun ba da kunya, kuma nan ne nake son mai saye ya tsaya ya duba da kyau. A Finland an bai wa maza masu shan taba beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, a binciken da ya ƙunshi mutum kusan 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon daji na huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka ma sai da aka dakatar da binciken CARET, wanda shi ma ya gwada beta-karotin, a 1996 saboda dalili iri ɗaya. Bitamin E ma bai tsira ba: a 2011 binciken SELECT ya gano ƙarin kashi 17 cikin ɗari na ciwon daji na furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a mazan da suka sha shi kullum.

Ƙwayar haɗaka mai ɗauke da bitamin iri-iri kaɗan-kaɗan ta fi sauƙin haɗari. Binciken da aka yi a kan likitoci maza a Amurka a 2012 ya ga raguwar kashi 8, ɗan amfani ne, ba garkuwa ba. Bitamin D kuwa bai rage yawan kamuwa ba a binciken VITAL na 2018.

Ni dai kuɗina ganye da 'ya'yan itatuwa da wake zan kai su, domin suna zuwa da bitamin a awon da jiki ya saba da shi, haɗe da harza mai amfani ga hanji. Mai shirin ɗaukar ciki da aka ce ta sha folik asid, wato ƙwayar folet, ko wanda gwajin jini ya nuna masa ƙaranci, su bi umarnin likita. In kana shan taba ko ka taɓa sha, ka karanta jerin sinadaran kwalbar, idan ka ga beta-karotin mai yawa ka mayar da ita inda ka ɗauko ta.